Ranar da Na Tashi Raɗa wa Ƙerana Sunan Kawuna

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a shekarun da na yi a jami'a, ba zan taɓa manta abin da ya shiga tsakanina da shingen garkar kawuna ba. Ko na so in manta ma, idona na hagu ba zai bari ba, don har yau in rana ta buɗe sosai sai ya kawo ruwa. Ɗalibaina suna ɗauka tausayinsu nake ji in suna rubuta jarrabawa. Ba su san tsohon tabon wauta ba ne.

Kawun nan nawa wan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai bayan rasuwar mahaifina. Yana zaune a wani ƙauye kusa da Argungu, ta hanyar Gulma. Da damina shinkafa, da rani albasa, in ruwa ya ja kuma ya ɗauki gora da homa ya shiga su. Allah bai ba shi haihuwa ba. Bai cika maganar ba, amma akwai ranar da muka dawo daga jana'izar wani maƙwabcinsa mai 'ya'ya goma sha, na ji yana ce wa matarsa, wadda muke kira Inna, "Shi kam sunanai ya zauna. Ni in na tahi, damina biyu an mance da an yi ni." Dariya ya yi da ya faɗa, amma ni maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru.

Lokacin da abin ya faru ina ajin ƙarshe, ina karantar ilimin tsirrai, ina zaune wurin yayana a Gwadangaji cikin Birnin Kebbi. A lokacin kuwa kaina ya yi girman da hula ba ta shiga. Na haddace sunayen Latin kamar ɗari biyu, don haka ko kuka na gani a hanya ba na ce mata kuka. Yayana ya taɓa roƙona in bar miyar gidansa ta zauna da sunanta na Hausa.

Malamar da ke duba aikina na ƙarshe wata Dakta ce 'yar ƙasar Filato, Kirista, ta daɗe a Birnin Kebbi. Mace ce mai sanyin magana, ba ta faɗa, amma in ta dube ka ta saman gilashinta sai ka ji da ma zaginka ta yi. Wata rana a aji ta haska mana hoton wani kaktus na hamadar Meziko. Dogo ne, kore, ba ganye ko ɗaya, jikinsa da layi-layi masu tudu, ƙaya ta jeru a kansu. Ta ba mu tarihin sunansa. Ta ce kowane tsiro suna biyu gare shi a kimiyya, na gidan da aka sa shi da kuma nasa na kansa. Wannan da aka fara samo shi, an jefa shi cikin wani babban gida da ake tara duk wani kaktus mai tsawo, aka ba shi sunan mutumin da ya tsinto shi. Daga baya masana suka duba furensa suka ce a'a, ba ɗan gidan nan ba ne, aka mayar da shi wani. Aka sake dubawa aka sake masa gida. Sunan gidan ya yi ta canzawa, amma sunan mutumin nan yana nan manne, ya bi shi duk inda aka kai shi, alhali mai sunan ya daɗe a kabari.

Sannan ta ƙara da cewa dangin kaktus 'yan nahiyar Amurka ne. In ka ɗebe guda ɗaya da ke rataye a bishiyoyin kurmi, duk wanda ka gani a Afirka kawo shi aka yi.

Mai hankali da ya ji wannan zai ce, to ashe abin da ke shingen Kawu ba kaktus ba ne. Ni kuwa ga yadda kaina ya lissafa: an ce babu kaktus ɗan asalin hamadar Afirka, ga shi kuma akwai a garkar Kawu, ke nan duk masanan duniya sun yi barci, ni kaɗai ne a farke. Domin kuwa abin da ke hoton nan, na rantse a lokacin, shi ne ya zagaye garkar albasar Kawu. Kowa a ƙauyen da aguwa yake shinge, shi kaɗai ke da wannan mai tsawo da ƙaya, ban kuma taɓa ganin irinsa ko'ina ba. Gaskiyar magana kuma ban taɓa zuwa ko'ina ba, iyakata Sakkwato, ita ma sau biyu.

Tun kafin a tashi daga ajin na gama raɗa suna. Na rubuta sunan Kawu a bayan littafina, na liƙa masa wutsiyar Latin, na yi ta karantawa a zuci. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Ga mutumin da ya ce damina biyu za a manta da shi, ga ni zan sa sunansa inda ko gara ba ta ci.

Wautata ta biyu ita ce ɓoye wa Dakta. A cikinmu ɗalibai ana yawan cewa in ka gano abu ka nuna wa malami, gobe sai ka ga sunansa a kai. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa haka ba, amma na yarda ɗari bisa ɗari. Sai na kai mata take mai faɗi, na ce zan yi nazarin tsirran da ake shinge da su a yankin Argungu. Ta sa hannu, ta ce in riƙa kawo mata abin da na tara duk mako biyu. Na yi wata uku ina zille mata. In na hango ta a baranda sai in tuna ina da uzuri a bayan ɗakin karatu.

Ranar wata Juma'a na hau keke daga Gwadangaji zuwa tasha, na shiga motar Argungu, na isa ƙauye kafin la'asar. Da aka idar da salla, dattawa suka zauna a gindin darbejiyar ƙofar masallaci kamar yadda suka saba. Maimakon in ja Kawu gefe mu yi magana, sai na tsaya a gabansu duka na yi jawabi. Na ce abin da ke shingen Kawu babu shi a littafin kowace ƙasa, ni na gano shi, kuma sunan Kawu zan sa masa, duniya duka da shi za ta riƙa kiransa.

Wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi ya tambaye ni, "Har Makka?"

Na ce, "Har Makka, Baba. Har ƙasar Sin."

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan ga, wace kake nuhi? Wagga ta bakin garka?"

Na ce ita.

Ya ce, "Ai ƙerana ta. Babana yak kawo ta daga ƙasar Zuru, reshe ukku cikin buhu, tun ba a haihi uwarka ba. Can kowa na da ita."

Na yi murmushin nan na ɗan boko, wanda in na tuna shi yanzu nake jin kamar in mari kaina. Na ce, "Kawu, wannan sunan gida ne. Sunan gida daban, na kimiyya daban. Wataƙila wata mai kama da ita kuke kira haka."

Ya ce, "To, kai ad da karatu. Amma in za ka sare ta, ka bari ina nan. Nononta ba ya wasa da ido."

Ban ko rubuta kalmar da ya faɗa ba. Na rubuta tsawon reshe, na ƙirga ƙaya, na auna kaurin gindi, na ɗauki hoto ya fi hamsin a waya, amma kalma ɗaya tak da za ta cece ni, na bar ta a gindin darbejiya.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne, duk da abin da ya faɗa, Kawu ya ɗauki maganata. Washegari da safe na fito na same shi durƙushe yana nome ciyawar gindin shingen, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Akuyar maƙwabta ta matso ya bi ta da hoge. Inna ta gaya mini har ya tambaye ta ko babbar rigarsa ta salla tana da wanki, ko da Turawa za su zo ɗaukar hoto. Mutanen ƙauye suka fara biyowa ta garkar suna tsayawa suna kallon abin da suka shekara hamsin suna wucewa ta gabansa. Wasu har sun fara kiran shingen da sunansa, rabi wasa rabi gaske.

Saura mako huɗu a miƙa aiki na koma don in sari reshen da zan busar in manna a takarda, don ba a yarda da sabon tsiro sai da samfurinsa. Na iso da hantsi, Kawu yana can ƙarshen garka yana ban-ruwa da inji. Na tuna ya ce in jira shi. Na kuma tuna cewa ni ne mai digiri saura wata ɗaya. Na ɗauki addarsa na kai wa wani reshe sara.

Wani farin ruwa mai kauri ya tsarto, ya wanke mini hannu har gwiwa. Ku ji abin da na yi. Na ajiye adda, na ciro biro, na rubuta cewa wannan kaktus yana fitar da farin ruwa kamar madara, alamar da ba a san danginsa da ita ba, wadda ke ƙara tabbatar da cewa sabo ne. Abin nan yana ta gaya mini da bakinsa cewa shi ba kaktus ba ne, ni kuwa ina rubuta masa shaidar zama. Littafin yana nan wurina har yau, da tabon a shafin.

Lokacin bazara ne, zafin Argungu kuwa wanda ya sani ya sani. Gumi ya gangaro mini daga goshi, na sa bayan hannu na share.

Na sha jin zafi a rayuwata, kunama ta harbe ni, na taka ƙusa, amma wannan daban ne. Kamar an daka barkono an zuba a garwashi an tura mini cikin ido. Na yar da littafi, na yar da Latin, na shiga kiran Kawu da muryar da na bari tun ina ɗan shekara bakwai. Ban ga zuwansa ba, ji kawai na yi an cafki wuyan rigata ana jana cikin kunyoyin albasa. Ya danna kaina a bakin tiyon injin ban-ruwa, ya buɗe idon da yatsunsa, ruwa yana dukana ina shure-shure. Bai ce mini komai ba sai, "Buɗe. Kak ka murza. Buɗe." Inna ta iso da ƙwaryar madarar shanu ta yi ta tsiyaya mini, tana salati, tana cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone ma ido. Ban taɓa jin karin maganar da ta zo daidai wurinta irin wannan ba, sai dai a lokacin ba ni da halin yabawa.

Aka ɗora ni a babur, Kawu ya zauna a bayana ya riƙe ni har asibiti a Argungu. Aka sake wanke idon, aka sa magani, aka rufe da auduga da filasta. Likitan ya ce da ba a yi saurin wanke shi da ruwa mai yawa ba, da labarin ya sha bamban. Kwana biyar ban san ko idon zai dawo ba. Na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka da ɗayan.

Duk da haka ban saduda ba. Da na koma Birnin Kebbi na ce tun da har na ba da ido, ai lokacin bayyana wa duniya ya yi. Na shiga ofishin Dakta da filasta a fuska, buhun da na sako reshen a hannu ɗaya, rubutu shafi sittin a ɗayan. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Bawan Allah, ashe kana raye. Me ya sami idonka?"

Na zazzage buhun a kan teburinta, na ce, "Dakta, kaktus na farko ɗan asalin Afirka ta Yamma."

Ta ja kujerarta baya da sauri. Ta dubi reshen, ta dubi idona, ta sake duban reshen. Na ga tana cije leɓe. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta, sai da ta cire gilashi ta share hawaye.

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. A ƙauyenmu da wannan ake katange kowane gida. Tun ina rarrafe ake dukana a kan kar in taɓa shi."

Akwai wani ɗan kaktus na gaske a tukunya a bakin tagarta. Ta ɗauko shi ta ajiye kusa da nawa, ta ba ni madubin ƙara girma, ta ce in duba da idon da ya rage. A jikin nata, kowace ƙaya daga cikin wani ɗan tattausan gashi take fitowa, kamar ɗigon auduga. A jikin nawa babu wannan, ƙaya bibbiyu ce a kan ɓawo mai tauri. Ta tsaga nata da reza, ruwa garai ya fito. Ta ce nawa dangin aguwa ne da tinya, masu farin nono mai dafi, ba abin da ya haɗa su da kaktus ko a kakanni. Zaman wuri mai ƙarancin ruwa ne ya sa suka yi kama, kowanne ya zubar da ganye ya tara ruwa a jiki. Ashe wata uku kallon kitse nake wa rogo.

Ta ce, "Mutanen wurin ba su da sunan da suke kiransa?"

Na ce, a hankali, "Kawuna ya ce wai ƙerana."

Ta miƙe ta ciro wani tsohon littafi da bangonsa ya ɗaye, na sunayen itatuwa da Hausa, wanda aka buga tun kafin a haifi Kawu. Ta buɗe, ta bi da yatsa, ta juyo mini da shi. Ga kalmar nan, ƙerana, ga sunanta na Latin a gabanta. Wanda ya rubuta littafin ma wurin manoma irin Kawu ya tambaya, shi dai ya fi ni hankali ne, da aka gaya masa ya rubuta. Littafin nan yana ɗakin karatunmu, na wuce ta gabansa ya fi sau ɗari ina ɓuyan Dakta.

Ba aikin da ya rushe ne ya karya mini zuciya ba, don ta ce taken da na ba ta yana nan, in koma in tara sauran tsirran shinge, mako uku ya isa in na daina gudu. Abin da ya dame ni Kawu ne. Ban san lokacin da na fara ba ta labari ba, rashin haihuwarsa, maganar damina biyu, jawabin gindin darbejiya, har babbar rigar salla. Na ce, "Dakta, na tara masa mutane. Yanzu da wane baki zan ce masa ƙarya na yi?"

Ta daina dariya. Ta jawo wata 'yar takarda, irin wadda ake mannawa a ƙasan kowane busasshen tsiro kafin a adana shi a ma'ajiyar tsirrai ta sashenmu. Ta nuna mini layukan: sunan tsiro, inda aka samo shi, wanda ya tsinko, sai layin ƙarshe, wanda ya tantance ko mene ne.

Ta ce, "Wanda ya tsinko, kai ne, ga shaida a fuskarka. Wa ya fara faɗin sunansa daidai?"

Na ce, "Kawu."

Ta ce, "To ni ba na sa sunana a aikin wani. Faɗa mini cikakken sunansa."

Ta rubuta da hannunta. Matar da na yi wata uku ina ɓoye wa shirme don kar ta sace.

Na gama aikin da ƙyar, na samu sakamako na tsaka-tsaki, wanda ya fi abin da na cancanta. Amma kafin nan sai da na koma gindin darbejiya, don inda na yi ɓarin nan ya kamata in kwashe. Na tsaya a gaban dattawan na ce abin da na faɗa ba haka ba ne, ƙerana ce kamar yadda Kawu ya ce, an san ta tun da daɗewa, ba za a sa mata sunan kowa ba. Aka yi dariya har da masu tafawa. Tsohon mai gyaran koma ya ce ashe ba za a je Makka ba. Na bari suka gama, sannan na ciro kwafin 'yar takardar na ba Kawu, na yi masa bayanin layin ƙarshe.

Kawu ba ya karanta boko, ajami ya iya. Ya ce in nuna masa inda sunan yake. Na nuna. Ya ɗora yatsa a kai ya daɗe bai ɗaga ba.

Ya ce, "Wanga na nuhin ni nis san ta?"

Na ce, "E, Kawu. Duk ɗalibin da ya buɗe, zai ga kai ka faɗa."

Ya ce, "To wanga ya hi. Waccan da kac ce, ai ba ni niy yi ta ba, Allah yay yi abinai. Wanga kau gaskiya ta." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, sannan ya dubi filastar fuskata ya ce, "Ni da ido biyu nig gane ta kyauta. Kai sai da ka kusa ba da guda."

Kawu ya rasu bayan wannan da shekara shida. Da Inna ke kwashe kayansa, a cikin gafakar Alƙur'aninsa ta sami takardar, ta yi laushi saboda buɗewa da naɗewa. Yanzu damina tara ke nan da rasuwarsa. Bara na kai ɗalibaina na sakandare ziyara tsohon sashenmu, na roƙi mai kula da ma'ajiyar ya ciro mini fayil ɗin. Reshen ya bushe ya yi baƙi, amma rubutun Dakta yana nan raɗau, sunan Kawu a layin ƙarshe. Idona ya kawo ruwa, kuma ranar ba na hagun kaɗai ba ne.

Abin da na koya ba wai boko ba shi da amfani ba, da shi nake ci har yau. Ƙaramin sani ne ƙuƙumi, ni kuwa na sa shi har wuya. Shi ya sa duk shekara, kafin in koya wa ɗalibaina sunan Latin ko ɗaya, sai na tura su gida su tambayi tsofaffinsu sunan tsiro goma, su rubuto tare da sunan wanda ya faɗa musu. In tsoho ya gaya maka sunan abu, ka rubuta tukuna. In kuma ya ce ka jira shi kafin ka sara, to ka jira.